KAN KEKEN INNA

Shafi na 23

Assalamu alaikum. Masu ƙorafin na bar ku tsaye a ƙofar kotu, na ji, kuma kun fi ni gaskiya. Ga inda muka kwana. Alƙali ya ce tunda Tela ba ta da shaidar cewa surukarta, marigayiya Inna, kyauta ta ba ta keken ɗinkin nan, to keke gado ne, ya koma hannun 'ya'yan mamaciya. Su biyu ne, Yaya da ƙanenta Akawu, wanda ya saki Tela tun ƙasar kabarin uwarsa ba ta gama bushewa ba. An ba ta wa'adi ta miƙa keke. Yau ya cika.

*

Tun da ta buɗe shago Tela ba ta sauke ƙafa daga kan feda ba.

Rigunan 'yan makaranta ne jibge a gefenta, wasu ba hannu, wasu ba wuya. Ta san ba za ta gama su ba. Amma ta ƙudurta a ranta sai dai a zare keken daga ƙarƙashin hannunta yana cikin ɗinki, duk layin shagunan nan su gani.

'Yarta na zaune a kan benci tana saka maɓalli. Takwara ake ce mata, don sunan Inna ta ci. Ta girma, a kantin magani take aiki, kuma yau ba ranar hutunta ba ce.

"Tashi ki tafi aikinki."

"Na ɗauki uzuri, Umma."

"Uzurin me? Rabon alewa za a yi?"

"Ko me za a yi, ina nan."

"To in kin zauna ki zauna da bakinki a rufe. Ubanki ne da gwaggonki. Ban haife ki don ki tsaya gabansu ba."

Takwara ta ciji zare, ta ɗauki wani maɓallin.

Sai ga ƙarar motar ɗaukar kaya ta tsaya a bakin shago. Kafin kowa ya yi sallama Tela ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti.

Sandar Inna ce. Shekara da shekaru da wannan ƙarar take gane tsohuwar na tafe, tana jan ƙafarta ta hagu. Tun ranar rasuwa Yaya ta ɗauke sandar, take yawo da ita alhali ƙafafunta lafiya lau, ta nuna mutum da ita, ta buga ƙofa da ita.

Ita ta fara shigowa. Bayanta wani ma'aikacin kotu ne, dattijo, da takarda a hammata da fuskar wanda ya gaji da rigimar gidajen mutane. Akawu kuwa a bakin ƙofa ya coge, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yana latsa waya kamar wanda ya rako baƙi.

"Salamu alaikum," in ji dattijon.

"Wa alaikumus salam. Ga benci."

Tela ba ta tsayar da keken ba.

"Ka gani ko?" Yaya ta nuna ta da sanda. "Ka ga abin da muka yi fama da shi a gidanmu? Ana yi mata sallama da takardar hukuma tana taka kayan mutane. Ke, sauka."

"Bari in kai ƙarshen layi, Yaya."

"Ba ni ce yayarki ba. Igiyar da ta haɗa mu ta tsinke."

"To bari in kai ƙarshen layi, baiwar Allah."

Ta kai ƙarshen. Ta juya rigar ta kama wani layin.

Masu shagunan gefe sun fara leƙowa, kowa ya tuna yana da abin nema a bakin ƙofar tela. Yaya ta gan su, sai ta ƙara murya. Da ma ita ba ta faɗa sai da 'yan kallo.

"Keken kakarmu ne. Ita ta ba uwarmu, uwarmu ta ciyar da mu da shi bayan rasuwar ubanmu. Da shi aka biya wa Auta makaranta har ya zama abin da ya zama. Sai kawai wata daga shigowa ta zauna a kai, ta ce kyauta aka ba ta. Wa zai ba ki kyauta? Ke da kika nakasa ta?"

Auta take ce wa Akawu har yau, da furfurarsa da komai.

"Yaya, ki bar wannan maganar," ya faɗa ba tare da ya ɗago ba. "A ɗauki abin da aka zo ɗauka."

"Ba zan bari ba. Da idona na gani. Na shigo na tarar da uwata kwance ƙafa a karye, na leƙa banɗaki, ga ruwan sabulu malale har bakin ƙofa. Wa ya yi wanki ya bar shi? Tun daga ranar Inna ba ta ƙara taka ƙasa daidai ba. Ta mutu tana ɗingishi saboda ƙazantar wannan matar."

Wannan maganar Tela ta sha ta a gaban dangi, ta sha ta a gaban baƙi, ta sha ta ranar zaman makoki. Ko a kotu sai da aka maimaita, alƙali ya dube ta ya ce tana da abin cewa? Ta ce babu.

Akwai. Amma ta dafa hannun Inna ta rantse ba zai fito daga bakinta ba, kuma mutuwa ba ta warware rantsuwa. Ta gwammace ta rasa keken, ta koma ɗinkin hannu, da ta tashi gobe ƙiyama Inna ta kau da kai daga gare ta.

Ta ɗaga allura, ta yanke zare, ta zare rigar ta ninke a nutse.

"Ga shi nan. Ku ɗauka. Allah ya isar wa mai gaskiya."

"Amin," in ji Yaya. "Direba, shigo."

"Dakata tukuna, Hajiya." Dattijon ya buɗe takardarsa. "Ni ba na ɗaga kaya sai mai kaya ya nuna mini shaida a jikinsa. An rubuta nan keken ɗinki baƙi, na ƙafa. Kekuna baƙaƙe na ƙafa sun fi a ƙirga. Na taɓa kai wa mutum firijin maƙwabcinsa, har yau ana yi mini tsiya da shi a ofis. Da me za ki shaida naku?"

Yaya ta yi dariya, irin ta wanda aka tambaya sunansa.

"Ko cikin dubu aka sa shi zan fitar. Ina 'yar ƙarama na ɗauki ƙusa na zana kaza a ƙarƙashin kan keken, wurin da ake kwantar da shi a zuba mai. Kaza mai ƙafa uku, don ban iya ƙirga ba. Inna ta yi mini dukan da har yau in na ga ƙusa sai bayana ya tuna. Kwantar da shi ka gani."

Tela ta dubi kan keken.

Ba ta taɓa tsammanin wani zai duba can ba. Ta san abin da ke ƙarƙashin kan nan, ita ke goge shi duk mako. Ƙarfe ne sumul, ko ƙwarzane babu.

"Malama, a taimaka a cire bel ɗin."

"Ba sai an duba ba. Na ce ku ɗauka."

"Aikina ne, ki yi haƙuri."

Ta zame bel daga kan wili. Dattijon ya sa hannu biyu ya tura kan keken baya, ya kwanta a kan maratayinsa. Ya sunkuya. Ya ciro tabarau ya sake sunkuyawa. Ya goga yatsa, ya dubi yatsan.

"Hajiya, ni dai ban ga kaza ba. Ko ƙwai ban gani ba."

"Matsa."

Yaya ta ture shi ta leƙa da kanta. Ta goge da gefen mayafinta, ta karɓi wayar ƙanenta ta haska, ta mayar masa. Da ta ɗago, fuskarta ta canza.

"Ba shi ba ne."

Ta juyo ta dubi Tela.

"Ba keken uwata ba ne wannan. Ta sayar. Ta ji an kai ƙara ta sayar, ta sayo wannan ta ajiye mana, ta mai da mu da alƙali sakarkaru. Ɓarauniya. Ina kika kai shi?"

"Kar ki ƙara ce mini ɓarauniya."

"Na faɗa. Ɓarauniya, 'yar cin amana. Jama'a ku shaida."

"Yaya," Akawu ya shigo da ƙafarsa ta biyu, "keke keke ne. A ɗauki wannan ɗin mu tafi, rana na yi."

Tela ta juya ta dube shi. Tun ranar da ya miƙo mata takardar saki ba ta kalli idonsa ba sai yau.

"Ashe kana da baki, Akawu. Na ɗauka a kotu ka bar shi."

"Ba da ke nake ba."

"Da ni kake. Duk abin da ake yi a ɗakin nan da ni kake."

Dattijon ya cire tabarau ya ninke. Wasan da ke muryarsa ya tafi.

"Malama, bari in faɗa miki gaskiya don ina ganin girmanki. Rigimar gado daban, ɓoye kayan da kotu ta yanke hukunci a kansu daban. In babu keken da ake magana, ba keke zan ɗauka ba, ke zan ce ki biyo ni. Kuma ba na yi miki alkawarin za ki kwana a gida ba."

Takwara ta miƙe. Uwar ta yi mata kallo ɗaya, ta koma ta zauna.

Tela ta tsaya tana numfashi. An ce mata ƙazama ta haɗiye. An ce mata mai kwaɗayin kayan gado ta haɗiye. Amma a fitar da ita daga shagonta a gaban mutanen da take yi wa ɗinki, a ce ta saci kayan Inna? Inna da ta wanke, ta shafa wa magani, ta juya a shimfiɗa har ranar ƙarshe, lokacin da mai sandar nan take aiko gaisuwa ta waya?

Ta yaye labulen bayan shago ta shige.

"Guduwa za ta yi, a tare," in ji Yaya.

"Babu ƙofa a can, Gwaggo," in ji Takwara.

Sai suka ji ana jan abu mai nauyi a ƙasa. Tela ta fito da baya tana jan wani tsohon buhu, bakinsa ɗaure da ƙyalle. Ta kai shi tsakiyar shago, ta share teburin yanka da hannu ɗaya, alli da tef suka zube.

"Keken Inna kuke nema? To ku buɗe ido."

Ta kwance buhun.

"Ranar da ta fara zaunar da ni a kan keken nan ta ce mini, ƙarfen da ya ciyar da kai ba a jefa shi bola. Duk abin da ya mutu a jikinsa ka canza, amma tsohon ka adana. Ke 'yarta ce, Yaya, kin san ta faɗa. Sai dai ke ba ki zauna kin koya ba, kin ce ɗinki yana lalata ido."

Ta ciro wani ƙarfe mai tsatsa ta dangwarar.

"Feda. Ta tsage ina da cikin wannan yarinyar. Ni na sayi sabuwa."

Ta ciro wani.

"Wili. Gidan kwarkwaron zare, guda biyu. Haƙoran da ke jan ƙyalle, sun cinye har ba sa kama yadi. Ga bel nan, tsofaffi, ƙirga su in kina da lokaci. Teburin ma gara ta cinye shi, ga hannun aljihunsa na cire na ajiye. Akwai wanda a cikinku ya taɓa tambaya keken nan yana shan mai ko ba ya sha? Kun san kuɗin allura? Sai da ta mutu kuka tuna kuna da kaka."

"Tarkace," in ji Yaya. "Tarkacen bola za ki nuna mini? Ina kan?"

Tela ta koma kan buhun. Ta sunkuya ta sa hannu biyu a ƙasan buhun, ta ɗago wani abu naɗe cikin tsohon zane. Da ƙyar ta kai shi kan tebur, teburin ya yi ƙara.

Yaya ta gane zanen kafin a buɗe. Na Inna ne, wanda take ɗaurawa in za ta zauna ɗinki.

Tela ta warware.

Kan keke ne baƙi, zanen furanninsa na ruwan zinari duk ya goge a inda hannu ke shafa. Wuyansa a karye, ya rabu biyu, ƙarfen ciki ya yi ja don daɗewa. Ta kifa shi.

Ga kaza nan. Ƙafa uku.

Yaya ta matso a hankali. Ta ɗora yatsa a kan zanen, ta bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Na ɗan lokaci ba ta yi kama da matar da ta shigo da sanda ba.

Akawu kuwa wayarsa ta kusa suɓucewa. Tela ta gani. Shi duk shekarun nan ya ɗauka mai walda aka kai wa ya liƙe. Bai taɓa tambaya ba, don wanda ya san amsar tambaya ba ya yin ta.

"Wannan karayar ba ta bana ba ce," in ji dattijon yana leƙa tsatsar. "Ta daɗe."

Yaya ta ɗago. Hawayen da ya taru ya koma wuta.

"Wa ya fasa?"

"Faɗuwa ya yi."

"Faɗuwa. Keke yana da ƙafar yawo ne? Abin da ke ɗaure a jikin tebur, yaya aka yi ya faɗi?"

"Na ce miki faɗuwa ya yi."

"Yaushe?"

Tela ta kau da kai.

"Ke kika fasa. Kika karya mata ƙafa bai ishe ki ba, kika fasa mata abin da uwarta ta bar mata, kika ɓoye a buhu kamar gawar kare. Shi ya sa take zama ta yi shiru tana kallon bango. Baƙin cikinki ne ya kashe ta."

"Yaya, ki ji tsoron Allah."

"Ke kin ji? Ke kin ji tsoronsa?"

Sanda ta tashi sama. Tela ba ta kauce ba, ta ma ɗaga fuska. A ranta ta ce gara ta sauka, ko ta samu abin da za ta yi wa kuka a gaban mutane.

Ba ta sauka ba. Takwara ta riƙe ta daga baya.

"Gwaggo, sauke."

"Sake ni, marar kunya. Tarbiyyar uwarki ke nan?"

"Sandar Inna ce. Ba za a daki Umma da ita ba. Duk duniya ban da ita."

"Takwara," in ji Tela, muryarta ƙasa-ƙasa, "koma ki zauna."

"Na gaji da zama, Umma."

"In kika buɗe baki a nan, ni da ke ne."

"Ke aka rantsar. Ni ba wanda ya rantsar da ni, don ba wanda ya lura ina wurin."

Tela ta juyo. Ta dubi 'yarta, ta ga ba zato take yi ba, sani ta yi.

"Wane wuri?" in ji Yaya.

"Ƙarƙashin tebur. Ina tsintar ƙyalle zan yi wa 'yartsanata riga. Ban shiga makaranta ba lokacin, amma in na rufe ido yanzu ina gani."

"Ke yarinya," Akawu ya daka mata tsawa, "ni ne ubanki. Fita daga shagon nan."

"Bar ta." Yaya ba ta ko dube shi ba. "Faɗi."

"Umma ta cire kan keken daga jikin tebur ta ajiye a tabarma, tana wanke shi da kananzir. Baba ya shigo yana faɗa. Wai an ce masa mijin tela a ofis, ana dariya. Ya ce daga yau ba a ƙara ɗinki a gidansa. Umma ta ce to da me za a ci abinci kafin ƙarshen wata? Shi ke nan abin da ta ce."

"Ƙarya ce. Uwarta ce ta kitsa mata."

"Ya sunkuya ya ɗauki kan nan da hannu biyu, ya ɗaga sama. Umma yake nufi. Inna ta fito daga ɗaki da gudu ta shiga tsakani."

Takwara ta saki sandar. Ba wanda ya lura da lokacin da Yaya ta sauke ta.

"Ƙara biyu na ji, Gwaggo. Ta ƙarfe da ta ƙashi. Inna ko ihu ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafarta ta ce, Auta, fita, kar ka dawo sai dare."

Wani daga cikin masu leƙe ya yi salati a hankali.

"Ruwan sabulun fa?" in ji Yaya. "Da idona na gani."

"Kin gani. Inna ce ta ce wa Umma, maza ki kaɗa sabulu a bokiti ki watsa a banɗaki kafin mutane su shigo. Umma tana kuka tana watsawa. Sannan ta ja Inna zuwa bakin ƙofar banɗakin, ta tura kan keken ƙarƙashin gado. Inna ta kama hannunta ta ce, in Yayarsa ta ji, zumuncinsu ya ƙare, in duniya ta ji ya jefi uwarsa, ba zai ƙara shiga mutane ba. Ki rantse mini."

Ta juya ta dubi keken da ke tsaye.

"Wancan kan kuwa, 'yan kunnen Umma ne. Su ta sayar ta sayo irinsa don kar kowa ya gane. Inna na kwance da ɗaurin ƙafa aka ɗora shi. Ta ce, wannan naki ne, 'yata, nawa kuma ki ɓoye mini shi."

Direban da ya shigo ɗaukar kaya ya ja da baya a hankali ya koma motarsa.

Tela ba ta ji sanyi ba. Da take tunanin ranar nan, ta ɗauka in ta zo za ta ji an sauke mata dutse daga ka. Sai ta ji fushi ne kawai, ya fi na ɗazu. Fushin shekarun da ta yi tana gaida matar nan a durƙushe ana amsa mata da "ƙazama". Fushin mutumin da ya zauna a kotu yana jin ana faɗa, ya sunkuyar da kai, ya dogara da rantsuwar matar da ya saka. Har da fushin 'yarta, da ta riƙe wannan abu a cikinta tun tana 'yar mitsitsiya, ta hana uwarta sani.

Dattijon ya yi gyaran murya.

"To. Ni abin da ke takardata keke ne mai shaida, kuma mai kaya ta shaida shi da bakinta a gaban jama'a. Ga shi a kan tebur. Wancan mai aiki ba ya cikin takardata. In akwai mai ja, kotu na nan."



Yaya ta juyo wurin Tela. Bakinta ya buɗe ya rufe, kamar mai neman sunan da za ta kira ta da shi ta rasa.

"Ke. Dube ni. Gaskiya yarinyar nan ta faɗa?"

Tela ta zagaya ta zauna a kujerarta. Ta mai da kan kekenta mazauninsa, ta ɗora bel a kan wili, ta juya shi da tafin hannu har ya hau. Ta ɗauko rigar da ta ninke ta sa ƙarƙashin allura.

"Ni santsi na sani."

"Ina tambayarki tsakaninki da Allah."

"Santsi Inna ta ce in ce. Shi na ce miki ranar, shi na ce wa dangi, shi zan riƙa cewa har in je in tarar da ita. In kina da wata tambaya, ga wanda kuka sha nono ɗaya nan."

Ta taka feda.

Ƙarar keken ta cika shagon.

Akawu ya fara ja da baya yana laluben ƙofa da diddige.

"Yaya, mu je gida. Wannan ba maganar kasuwa ba ce. Yarinya ce, me ta sani? Mu je in yi miki bayani a tsanake."

Yaya ta riga shi. Ta ratsa ta gefensa, ta ja ƙofar shagon ta rufe a fuskar masu leƙe, ta zura sakata. Ta juyo ta jingina bayanta da ƙofar.

Ta dubi sandar da ke hannunta tun daga kai har gindi, inda roba ta cinye gefe guda saboda yadda Inna ke dogarawa. Ta daɗe tana kallo.

Tela ta tsayar da keken. Yaya ta ɗago ta dubi ƙanenta.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

Da bakin sandar ta nuna karyayyen kan da ke kan tebur.

"Ɗauka."

"Yaya, don girman Allah..."

"Gadonka ne, ai shi ka kawo ni karɓa. Sa hannu biyu. Ɗaga shi yadda ka ɗaga ranar. Ina so in gani."